Ɓerayen da Mahaifiyata Ta Yi Jinya

Shekarun baya, lokacin ina koyar da ilimin halittu a wata makarantar sakandare a unguwar Trikania a Kaduna, na taɓa kwasar ɓeraye ashirin da huɗu na kai gidan mahaifiyata a Romi na ce ta ba su masauki. Na daɗe ina son ba ku wannan labari. Sau da yawa nakan fara rubutawa, in na kai tsakiya sai in goge. Yau na ce ko yaya ne sai na kai ƙarshensa.

A lokacin ina karatun digiri na biyu. Da safe in koyar, da yamma in tsallaka kogi in tafi jami'a. Karatun na shekara biyu ne, ni kuwa ina cikin ta biyar, har masu gadin ƙofa sun fara gaishe ni kamar ma'aikaci. Sau biyu ina fara bincikena yana rushewa. A karon farko aka ɗauke wuta kwana da kwanaki, abin da na tace ya lalace a firji. A na biyu zafi ya kashe mini dabbobin tun kafin in taɓa su. Sai wata rana aka manna takarda a allon sanarwa, cewa duk wanda ya wuce wa'adi, in bai miƙa kundin bincikensa ba kafin ƙarshen zangon, za a soke sunansa. Sunana ne na uku a jerin. Wato wannan gwaji na uku shi ne na ƙarshe, in ya tafi, shekara biyar ta tafi da shi.

Binciken kansa ba wani abu mai wuyar fahimta ba ne. Kun san ɗinya, wannan baƙin ɗan itace mai zaƙi da muke tsinta muna yara har harshenmu ya yi baƙi. Ni so nake in gani ko ruwan da aka tace daga 'ya'yanta zai ƙara wa jiki ƙarfin yaƙar cutar sammore, wadda ƙudan tsando ke sa wa shanu su rame su lalace. Ba za a ba ɗalibi irina garken shanu ya yi gwaji ba, don haka da fararen ɓeraye ake yi. A sa musu ƙwayar cutar, a ba su ɗinya, sannan a riƙa ɗiban ɗan jini a bakin wutsiyarsu ana ƙirga ƙwayoyin cutar da kuma fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne sojojin jiki.

Ɗinyar daga gonar kawuna na samo ta a Kakau, buhu guda. Mahaifiyata ce ta wanke ta, ta cire ƙwallayen, ta shanya a inuwa yadda na ce, ta daka mini. Tana yi tana mita, wai ɗinyar da za ta yi maɗi mai kyau ita za a ba ɓera. Amma ko sau ɗaya ba ta bari kaji sun taɓa shanyar ba.

Na raba ɓerayen keji huɗu, shida shida, kowane keji na ɗaura masa zare don kada in rikice. Masu farin zare lafiyarsu ƙalau, ba a sa musu komai ba. Sauran ukun duk an sa musu cutar. Masu shuɗin zare ana ba su maganin da likitocin dabbobi ke amfani da shi. Masu koren zare ana zuba musu ruwan ɗinya a kwalbar ruwan shansu. Masu jan zare kuwa ba a ba su komai, sai abinci da ruwa zalla. Mu a makaranta kontrol muke ce musu. Su ne ma'auni. In ba ka ga yadda cutar ke yi wa wanda ba a taimaka masa ba, ba ka da bakin cewa ɗinya ta taimaki wani. Duk binciken a kan waɗannan shida yake tsaye.

Kwana biyu da sa musu cutar, ma'aikatan da ke kula da ɗakin dabbobi suka shiga yajin aiki. Aka ce za a garƙame ɗakin, kowa ya san yadda zai yi da nasa. Malamata, wadda ke duba aikina, wata mata ce 'yar Binuwai, mai faɗa amma mai gaskiya. Ta ce irin ƙwayar da nake aiki da ita ba ta kama mutum, in ina da ɗaki mai iska da raga a taga, in kai su gida. Har Romi ta zo da kanta ta duba tsohon ɗakin ajiyar mahaifina marigayi, ta gaisa da mahaifiyata, ta sha kunun da aka kawo mata, ta ce wurin ya yi.

Bayan ta tafi mahaifiyata ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe haɓa.

"Ticha," ta ce, don haka take kirana tun da na fara koyarwa, "shekara talatin ina sa wa ɓera tarko a gidan nan. Yau kai ka ɗauko su a mota ka kawo mini, har da abincinsu na kanti?"

Na ce, "Mama, waɗannan 'yan boko ne, ba irin na kicin ɗinki ba."

"Ai na gani. Sun fi ka haske ma."

Ta kai kyanwarta gidan maƙwabciya. Kwana biyu ba ta leƙa ɗakin ba, a na uku na dawo daga makaranta na tarar da ita a zaune kan kujera 'yar tsugune tana kallon yadda suke wanke fuska da hannu biyu. Daga ranar ta daina ce musu ɓeraye, ta koma ce musu baƙina.

A kwana na shida da sa musu cutar na ɗebi jini na tsallaka kogi zuwa wani ɗakin gwaji da ke da na'urar ƙirga ƙwayoyin jini. Ina can da rana tsaka gari ya rikice. Mutanen Kaduna kun san yadda abin yake, ka ga ana rufe shaguna ana gudu, wanda ka tambaya shi ma bai san abin da ya faru ba. Kafin la'asar an sa dokar hana fita ba dare ba rana, sojoji sun tsare gada. Wani abokina da muke aji ɗaya ya ja ni gidansu, iyayensa suka karɓe ni hannu biyu. Na samu wurin kwana da abinci, amma hankalina duk yana kan keji huɗu a Romi.

Na kira mahaifiyata. Bayan ta tabbatar ina da rai kuma na ci abinci, na shiga yi mata bayani dalla-dalla. Abinci kaza, ruwa kaza. Maganin masu shuɗin zare allura ce, kuma na riga na yi musu, ba ruwanta da su. Ruwan ɗinya yana cikin firji, ta ja da sirinji zuwa layin da na yi wa alama, ta zuba a kwalbar masu koren zare.

"Masu jan zaren fa?" ta tambaya.

"Su ruwa kawai, Mama. Kada ki ba su komai."

"Ba su ma suna da ciwon ba?"

"Suna da shi. Haka aikin yake. Kada ki ba su."

Ta ce, "To."

Ni da aka haifa a gidan, ya kamata in san "to" ɗin mahaifiyata kala biyu ne. Akwai wanda take faɗa da sauri, wannan ta yarda ke nan. Akwai kuma wanda take ja kaɗan ta ajiye a hankali, wanda ma'anarsa na ji abin da bakinka ya faɗa. Da shi ta zauna da mahaifina shekara da shekaru lafiya, yana ba da umarni tana yin abin da ta ga ya dace. Na biyun ta yi mini. Amma ina ɗan digiri na biyu, kunnena ya cika da ilimi, ban ji bambancin ba.

Washegari da hantsi ita ta kira ni, muryarta a sanyaye.

"Ticha, ɗaya ya mutu. Cikin masu jan zare."

Na ce, "Yauwa! Ki duba agogo ki rubuta mini lokacin a bayan kalanda. Ki sa shi a leda ki ɗaure."

Sai ta maimaita kalmar.

"Yauwa ka ce?"

Na yi dariya, na ce ai abin da ake jira ke nan, haka ya kamata su fara mutuwa kafin sauran, da haka za a gane ɗinya tana aiki.

"Wato su an kawo su ne don su mutu."

"Kusan haka ne, Mama."

"Sauran biyar ɗin sun taru a lungu guda, gashinsu ya tashi, ko abincin ba sa ci."

Na ce ta rubuta wannan ma, yana da amfani. Har yau in na tuna irin farin cikin da ke cikin muryata a wayar nan sai in ji kunyar kaina. Gari yana cikin tashin hankali, tsohuwa tana zaune ita kaɗai a gida tana jin labarin mace-mace a rediyo, ɗanta kuma yana yi mata murnar mutuwa ta waya.

A rana ta huɗu aka sassauta dokar na 'yan awoyi. Na tako da ƙafa har gada, daga can na samu mai babur ya kai ni Romi. Ko ruwa ban sha ba, gaisuwar ma a tsaye na yi, na wuce ɗakin ajiya. Ɗakin a share tsaf, an canza musu shimfiɗar ɓuntu, kowane keji da abincinsa. Sai idona ya sauka kan kwalbar masu jan zare. Ruwan ciki ba fari ba ne. Launin shayi ne, daidai da na masu koren zare.

Na juyo, tana tsaye a bayana da kofin ruwa a hannu ta kawo mini.

"Mama, me ke cikin kwalbar nan?"

"Ɗinya ce." Ko ɓoyewa ba ta yi niyyar yi ba. "Tun ranar da na farkon ya mutu nake ba su. Daidai layin da ka ce, ban ƙara ba, ban rage ba. Ka ga har wancan ya fara cin abinci."

"Ba na ce kada ki ba su ba?"

"Ka ce."

"To me ya sa?"

Ta ajiye kofin a kan taga. Ta ce, "Shekara nawa muna zuwa asibiti gai da marasa lafiya da matan zumunta na coci. Ko lemo ɗaya ne ya rage a jaka, ɓarewa muke mu raba. Ba a tsallake gado, Ticha. Ko ba namu ba ne, ko Musulmi ne ko Kirista, ba a ba na kusa da shi a wuce shi yana kallo. Ni ina zuba wa waɗannan, waɗancan suna ɗago kai suna shinshina. Ciwo ɗaya, ɗaki ɗaya, magani yana hannuna. Na kasa."

Da a ce na yi shiru a nan, da labarin nan bai kai in riƙa gogewa ba. Amma idona ya rufe. Na ɗaga murya a gidan da ban taɓa ɗaga murya ba, har maƙwabta suna ji. Na ce ɓeraye ne ba mutane ba. Na ce shekara biyar ta zubar mini a kwalbar ruwa. Sannan na ce, "Irin wannan jahilcin ne ya hana mu ci gaba a ƙasar nan."

Mahaifiyata a aji uku na firamare aka cire ta don ta yi renon ƙannenta. Da kanta ta koyi karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa, tana bin layi da yatsa. Babu kalmar da ta fi yi mata ciwo a duniya kamar wannan, kuma na sani sarai, shi ya sa na zaɓe ta. Ta ɗauki sirinjin ta kai bakin famfo ta wanke, ta dawo ta ajiye mini a kan tebur, ta shige ɗakinta.

Na ci gaba da aikin don ban san abin da zan yi ba in ba shi ba. Cikin kwanakin da suka biyo baya masu jan zare suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, masu koren zare ma suka bi su. Masu farin zare da waɗanda suka samu allura ne kawai suka rayu. Fararen ƙwayoyin jinin masu shan ɗinya sun ɗan ƙaru, kuma a ganina sun ɗan jima kafin cutar ta kayar da su. Amma sun jima fiye da wa? Waɗanda zan gwada su da su, su ma ɗinyar suka sha. Kwana ukun da na rasa ban ɗebi jini ba ana iya yi musu bayani a kundi, kowa ya san an yi dokar hana fita. Rashin kontrol ba shi da bayani.

Sakewa kuma babu hali. Lokacin ɗinya ya wuce, ruwan da na tace ya ƙare tunda keji biyu suka sha rabon keji ɗaya, samo ƙwayar cutar kuma sai an jira makonni. Wa'adin saura wata ɗaya da 'yan kwanaki.

Na je wurin abokin nan nawa na zazzage masa komai. Ya saurare ni, ya yi dariya har da buga cinya da ya ji maganar tsallake gado, da ya ga fuskata ya daina.

"Mutumina, kontrol ne fa kawai," ya ce a hankali. "Kowa ya san yadda ɓeran da ba a ba shi magani ba yake mutuwa. Akwai kundaye cike da laburare. Madam malamarka ta sani?"

"Ba ta sani ba."

"To, wa ya sani?"

"Ni da kai da Mama."

Ya buɗe hannuwa kawai. Ba zan ɗora masa laifi ba, don tun ina kan babur zuwa wurinsa tunanin yana raina, so nake kawai in ji shi a bakin wani.

Ranar Lahadi na ce kaina yana ciwo, mahaifiyata ta tafi sujada ita kaɗai. Na zauna a falo na ƙirƙiro wa masu jan zare tarihin da ba su yi ba. Na rubuta ranar da kowannensu ya mutu, na rubuta yadda ƙwayoyin cutar suka hau, fararen ƙwayoyin jini suka sauka. Har 'yar karkata na sa a lambobin don kada su yi kyau da yawa a yi zargi. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne sauƙinsa. Aikin da ya gagare ni shekara biyar na gama shi kafin a tashi daga coci, kuma a takardar nan ɗinya ta fito magani na gaske.

Duk wannan lokaci tsakanina da mahaifiyata gaisuwa ce kawai. Ina kwana, lafiya lau. Ta rufe mini abinci ta ajiye a tebur, in ci in tashi. Na lura ta rame, na lura ta daina waƙa in tana shara, amma na ce a raina ai gara ta ji a jikinta.

Aka janye yajin aiki. Ranar Talata na buga takardun, na sa a jaka, na gama darasin safe a Trikania na wuce jami'a don in nuna wa malamata sakamakon. Na hau bene ina maimaita abin da zan faɗa. A bakin ƙofar ofishinta na ga takalmi, silifas na roba mai ruwan ƙasa, an ajiye su a jere a gefe. Babu wanda ke cire takalmi a ƙofar ofis a jami'a. Kuma ni na sayi takalmin nan a kasuwar Sabon Tasha.

Na tura ƙofa. Mahaifiyata tana zaune a ƙasa kan siminti, sanye da zanenta na zumunta wanda sai ranar babban taro take ɗaurawa, ga ƙullin acca a gabanta ta kawo tsaraba. Malamata ta bar kujerarta ta dawo ta tsuguna kusa da ita tana riƙe da hannunta. Daga baya na ji tun da sassafe ta fito, mota biyu ta shiga, ba ta taɓa taka cikin jami'a ba, ta yi ta tambayar ɗalibai ina ofishin Madam mai ɓeraye har wani ya kawo ta.

"Ga shi nan ma," in ji mahaifiyata da ta gan ni. Ta juya ga malamata. "Madam, kamar yadda na gaya miki, yaron nan ba shi da laifi. Ya ce kada in ba su, sau biyu ya faɗa. Ni ce na ba su da hannuna. In hukunci ne ni za a yi wa. Ki taimake shi saboda Allah, ba shi da uba."

Haka take yi tun ina firamare. In na fasa tagar aji ko na yi faɗa, ta ɗaura zane ta je ta ba hedimasta haƙuri, magana ta wuce. A saninta haka ake gyara ɓarna a makaranta, babba ya je ya durƙusa.

Malamata ta miƙe ta dube ni. "Mama ta faɗa mini komai. Me ya sa ba ka kira ni ba tun ranar da abin ya faru?"

Hannuna yana kan jakar, ina jin kaurin takardun ta cikin yadin.

"Me ka kawo mini?"

"Babu komai, Ma. Zuwa na yi in gaya miki."

Ta dubi jakar, ta daɗe tana dubanta, sannan ta dube ni. Ba ta ce in buɗe ba. Har yau ban san ko ta gane ba, ban kuma taɓa samun ƙarfin halin tambayarta ba. Ta ce za ta rubuta a nema mini ƙarin lokaci, amma kada in sa rai, don an riga an ƙara mini sau biyu. Ta ɗaga mahaifiyata ta zaunar da ita kan kujera, ta aika aka sayo mata lemo, ta karɓi accar da hannu biyu.

A mota muna komawa, muna kan gada, mahaifiyata ta taɓa gwiwata.

"Ta ce za ta gwada. Na yi daidai ko, Ticha?"

Na juya kai ina kallon ruwa. A raina cewa nake sau biyu ke nan, na farko ta kashe gwajin, na biyu ta toshe ƙofar da ta rage mini. Da muka sauka na yayyaga takardun na zuba a kwata ba tare da ta gani ba.

Malamata ta rubuta kamar yadda ta yi alkawari. Ba a ƙara mini lokaci ba, kuma ban ga laifin kowa ba, doka ce aka sanar tun da wuri. A ƙarshen zangon sunana ya fita daga jerin ɗalibai. Ban sake komawa ba. Bayan wata biyu na kama ɗaki a Trikania na ce don in kusanci wurin aiki ne, ita ma ta yi kamar ta yarda.

Rayuwa ta ci gaba yadda ta saba. Na yi aure, aka haifa mana yara, duk Lahadi bayan sujada muna Romi muna cin tuwon acca. Muka koma wasa da dariya. Sai dai duk lokacin da aka yi maganar ɗan wance ya gama digiri, sai ta ce, "Nawa ma da yanzu Dakta ne. Ni na ɓata masa da rashin sanina." A gaban baƙi take faɗa, tana murmushi. Ni kuma sai in ce, "Mama, bar wannan maganar." Ban taɓa cewa ba haka ba ne.

Shekara bakwai bayan haka ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Wata rana da yamma a asibiti, matan zumunta sun zo sun yi addu'a sun tafi, ya rage daga ni sai ita. Ta kamo hannuna.

"Ticha, ka yafe mini maganar karatunka."

Na buɗe baki in gaya mata abin da ke cikin jakata ranar nan. In gaya mata cewa ba don ta riga ni zuwa ofishin ba, da yanzu akwai kundi a laburare da sunana a bango yana cewa ɗinya tana maganin sammore, wani ɗalibi ya ɗora nasa aikin a kai, wataƙila wani makiyayi ya bar allura ya kama jiƙa wa shanunsa ɗinya. In gaya mata ɗan da ta je ta rantse ba shi da laifi ya shigo da ƙarya a ƙarƙashin hammata. Duk maganar tana bakina. Abin da ya fito shi ne, "Na yafe, Mama."

Ta saki ajiyar zuciya, ta ce, "Na gode." Bayan kwana huɗu ta rasu.

Har yanzu ina koyarwa, kuma duk shekara nakan zo kan darasin yadda ake gwaji. Ina gaya wa ɗalibaina gaskiya, cewa dole a samu rukunin da ba a ba shi komai, in ba haka ba babu abin da za a sani. Ban canza ra'ayi ba, a wannan ni ne da gaskiya ba ita ba. Amma gaskiyar ba ta taɓa rage mini nauyin da nake ji ba. Rashin digirin ya daɗe da daina damuna, mutane da yawa sun rasa abin da ya fi shi suna nan suna rayuwa.

Abin da ban warke daga shi ba shi ne na san dalilin shiruna. Faɗa mata gaskiya yana nufin in sauko daga matsayin wanda aka yi wa laifi, ni kuwa wurin ya yi mini daɗi. Na gwammace ta ɗauki laifi da in ɗauki kunya, kuma ta ɗauka har kabari. In kuna da wanda ya kamata ku roƙa gafara kuma yana raye, kada ku jira irin ranar da na jira, don ranar tana zuwa bakin mutum ya faɗi abin da ya saba faɗa. Ni ne ya kamata in durƙusa a gefen gadon nan, sai ga shi ita ta roƙa, ni kuma na karɓi godiya.